Besbol da Farautar Tarihin Bugu: Tambayoyi da Amsoshi

Ba'amurken da ya tashi da son besbol, in ka ce masa 714, ko 56, ko .406, ba sai ka ƙara ko kalma ɗaya ba. Ya san mutumin da kake nufi, ya san shekarar, wani lokacin har da ranar. A wannan wasa lambobi ne ke riƙe da labarin magabata, kuma kowace lamba tana tafe da rigimarta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sabon mai kallo ya fi yi.

Kafin a kai ga tarihi, yaya ma ake buga wasan?

Ƙungiya biyu ne, kowace da mutum tara. Ɗaya na jifa da tsaron fili, ɗaya na bugu, sannan su yi musaya. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo mai tauri wadda ba ta wuce girman lemu ba. Mai bugu yana riƙe da sandar katako. In ya make ta ta faɗa cikin fili, sai ya yar da sandar ya ruga zango na farko. Zangunan huɗu ne, mita 27 tsakanin kowane biyu, na huɗun kuwa shi ne inda ya taso, wanda suke kira gida. Duk wanda ya kewaya ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya.

Ana fitar da mai bugu idan ya kuskure jifa mai kyau har sau uku, ko aka cafe ƙwallon tun tana sama, ko ta riga shi isa zango. Da an fitar da mutum uku sai a juya. In kowace ƙungiya ta yi bugu sau ɗaya, turmi ɗaya ke nan. Turmi tara ake yi a wasa ɗaya.

To mene ne ake ƙirgawa har ake cewa wani ya kafa tarihin bugu?

Abu uku ne suka fi muhimmanci. Na farko bugun tsira, wato ka buga ƙwallon ka kai zango lafiya ba tare da an fitar da kai ba. Na biyu hom-ran, bugun da ke tsallake katangar ƙarshen fili, mai shi ya kewaya zangunan duka a natse, ya taho gida da duk abokan wasansa da ke kan hanya. Na uku ma'aunin bugu: a raba yawan bugun tsirar mutum da yawan zuwansa bugu. Wanda ya zo sau 10 ya tsira sau 3, ma'auninsa .300 ke nan.

Kada wannan lamba ta yi maka kama da kaɗan. Ƙwararren mai jifa yana sako ƙwallo da gudun kilomita 150 a sa'a ko fiye, ta iso cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, wani lokacin ta karkace ko ta nutse dab da isowarta. Ƙwallo mulmulalliya ce, sanda ma mulmulalliya. Shi ya sa mutumin da ke faɗuwa sau bakwai cikin goma, in ya ɗore a haka shekaru, ake sa shi cikin manya.

Wa ya ƙirƙiro besbol, kuma daga ina suka samo wannan son lissafi?

Babu mutum ɗaya da ya ƙirƙiro shi. Ya tsiro ne daga wasannin sanda da ƙwallo da baƙi daga Ingila suka zo da su Amurka. Ƙungiyar Knickerbocker ta birnin New York ta rubuta dokokinta a 1845, Cincinnati ta kafa ƙungiyar farko da ke biyan dukan 'yan wasanta albashi a fili a 1869, aka kafa Gasar Ƙasa a 1876, Gasar Amurka ta biyo baya a 1901, zakarun gasannin biyu suka fara karawar ƙarshe ta shekara a 1903. Labarin da ake yi cewa wani soja, Abner Doubleday, ya ƙago wasan a garin Cooperstown a 1839, masana tarihi sun daɗe da watsi da shi, ko da yake a garin aka buɗe zauren gwarzayen besbol a 1939.

Son lissafin kuwa, babban wanda ya dasa shi ɗan jarida ne haifaffen Ingila, Henry Chadwick, wanda ya saba da rubuta sakamakon wasan kurket. Shi ya yaɗa tsarin buga ɗan jadawalin kowane wasa a jarida. Tun daga lokacin kusan kowane bugu yana rubuce, saboda haka ɗan wasan yau yana gasa da na shekara ɗari baya, ko ya so ko bai so ba.

Me ya sa kowace hira sai ta koma kan Babe Ruth?

Domin shi ya sauya fasalin wasan. Kafin 1920 hom-ran abu ne da ba kasafai ake gani ba. Ana wasa da ƙwallo ɗaya har ta yi laushi ta yi baƙi, masu jifa na shafa mata miyau da ƙasa don ta riƙa karkacewa. Akwai wani Frank Baker da aka yi wa laƙabi da hom-ran, alhali mafi yawan abin da ya taɓa yi a kaka ɗaya 12 ne.

Ruth yaron Baltimore ne da aka kai makarantar gyara hali yana ɗan shekara bakwai. Ya fara ne a matsayin mai jifa a Boston Red Sox, kuma gwani ne a nan ma. A 1919 ya buga hom-ran 29, abin da ba a taɓa yi ba, sai Boston ta sayar da shi ga New York Yankees. A 1920 ya buga 54, fiye da abin da kowace ƙungiya a Gasar Amurka, ban da tasa, ta tara gaba ɗayanta. A 1921 ya yi 59, a 1927 ya cika 60. Ya ajiye sanda a 1935 da 714.

Zamani ma ya taya shi. An hana shafa wa ƙwallo miyau, kuma bayan Ray Chapman ya mutu a watan Agusta 1920 sakamakon ƙwallon da ta same shi a ka, aka dage wajen sauya ƙwallo da zarar ta yi datti. Farar ƙwallo ta fi ganuwa, sabuwa ta fi tafiya nesa. Amma kowa ya samu wannan sauƙin, Ruth kaɗai ya yi abin da ya yi da shi.

Me ya sa aka yi wa Roger Maris rowar yabo bayan ya buga 61?

Saboda ba shi mutane suka so ya yi ba. A 1961 shi da Mickey Mantle, dukansu 'yan Yankees, suka tasa 60 ɗin Ruth a gaba. Mantle ne ɗan lelen New York. Maris mutum ne mai shiru daga Dakota ta Arewa, bai iya zaƙin baki da 'yan jarida ba. Rashin lafiya ta tsayar da Mantle a 54, aka bar Maris shi kaɗai da nauyin, har gashin kansa ya riƙa zuba don damuwa.

Ga kuma batun tsawon kaka. A shekarar aka ƙara wasannin Gasar Amurka daga 154 zuwa 162. Kwamishinan besbol na lokacin, Ford Frick, wanda tsohon abokin Ruth ne, ya ce in ba a cikin wasa 154 aka wuce 60 ba, to a rubuta sabon tarihin daban. Maris yana da 59 da aka kai wannan iyaka. Na 61 ya zo a wasan ƙarshe, ranar 1 ga Oktoba, a gaban 'yan kallo kimanin dubu 23 kacal. Sai a 1991 wani kwamiti ya tabbatar masa da tarihin shi kaɗai, shi kuwa ya rasu tun 1985. Ni a ganina an zalunce shi. Ba shi ya tsara jadawalin ba.

Wane ne Hank Aaron, kuma me ya sa ake ambaton 715 da wata irin murya daban?

Baƙar fata ne, an haife shi a Mobile ta jihar Alabama a 1934, zamanin da doka ta raba fari da baƙi a makaranta, a mota, har a filin wasa. Yana yaro da murfin kwalba da sanda ya koyi bugu. Ya taɓa wasa a ƙungiyar baƙaƙe ta Indianapolis Clowns a 1952, ya shiga babbar gasa a 1954 da ƙungiyar Braves, wadda daga baya ta tashi daga Milwaukee ta koma Atlanta, a tsakiyar Kudu.

Aaron bai taɓa buga 50 a kaka ɗaya ba, mafi yawansa 47. Abin da ya yi shi ne naci. Shekara 20 a jere bai taɓa kasa kai 20 ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai ga shi kakar 1973 ta ƙare yana da 713, saura ɗaya ya kamo Ruth. A shekarar ya karɓi wasiƙu sama da dubu 900. Da yawansu na fatan alheri ne, amma dubbai zagi ne na wariyar launin fata, wasu kuma barazanar kisa ce ƙarara, har da ta sace 'yarsa da ke jami'a. Aka haɗa shi da mai gadi, yana kwana a masauki daban da abokan wasansa. Ka duba wannan hali: watanni shida na hutun kaka mutum yana zaune yana jira, bai da tabbacin zai kai ranar da za a koma fili.

Ranar 4 ga Afrilu 1974, a Cincinnati, ya buga na 714 a karon farko da ya kaɗa sanda a kakar. Ranar 8 ga Afrilu a Atlanta, gaban mutum sama da dubu 53, ya aika jifar Al Downing na Dodgers bayan katanga, na 715 ke nan, ya wuce Ruth. Yana cikin kewaya zangunan wasu samari biyu farare suka diro fili suka bi shi a guje. Taya murna suka zo yi, amma a wannan daƙiƙar babu wanda ya san nufinsu. A gida mahaifiyarsa ta rungume shi ta ƙi saki. Ya adana waɗancan wasiƙun tsawon rayuwarsa, ya rasu a Janairu 2021.

Ya gama da 755. Ga wani lissafi da nake so ƙwarai: bugun tsirarsa duka 3,771 ne, in ka cire hom-ran ɗinsa kaf, saura 3,016, adadin da shi kaɗai ya isa ya kai mutum zauren gwarzaye. Har yau shi ke riƙe da tarihin yawan makin da bugun mutum ya jawo, 2,297. In an tambaye ni wace lamba ce ta fi nauyi a besbol, 755 zan ce, saboda abin da aka ɗora wa mai ita kafin ya kai ta.

To yanzu wa ke riƙe da tarihin hom-ran na gaskiya?

A littafi, Barry Bonds ne: 73 a kaka ɗaya a 2001, da 762 a tsawon wasansa, bayan ya wuce Aaron ranar 7 ga Agusta 2007. Sai dai a nan gizo ke saƙa.

Yajin aikin 'yan wasa na 1994 ya sa an soke karawar ƙarshe ta shekarar, 'yan kallo suka yi fushi suka ja baya. Abin da ya taimaka wajen dawo da su shi ne tseren 1998 tsakanin Mark McGwire na St. Louis da Sammy Sosa na Chicago Cubs, ɗan Jamhuriyar Dominika. McGwire ya wuce Maris ranar 8 ga Satumba, 'ya'yan Maris na zaune a filin, ya ƙare da 70, Sosa da 66. Abin da mutum biyu kaɗai suka taɓa yi a tarihi, wato kai 60, sai ga shi an yi shi sau shida tsakanin 1998 da 2001. Sosa kaɗai ya yi sau uku, kuma ko sau ɗaya cikinsu bai zo na ɗaya ba.

Ruwa ba ya tsami banza. A lokacin babu gwajin ƙwayoyin ƙara ƙarfi mai hukunci a babbar gasa, sai a 2004 aka fara. Rahoton Sanata George Mitchell na Disamba 2007 ya ambaci 'yan wasa da dama, McGwire kuma ya amsa da bakinsa a Janairu 2010 cewa ya yi amfani da su, har da shekarar 1998. Bonds ya tsaya a kan cewa bai taɓa sha da saninsa ba. Kotu ta same shi da laifin kawo wa shari'a cikas a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2015. 'Yan jaridar da ke zaɓen shiga zauren gwarzaye sun hana shi kashi 75 cikin ɗari da ake buƙata har shekarunsa goma na takara suka ƙare a 2022.

Abin baƙin cikin shi ne Bonds bai buƙaci komai ba. Tun kafin 1998 an zaɓe shi gwarzon gasa sau uku. A 2004 tsoronsa ya sa masu jifa suka riƙa ƙin ba shi jifa mai kyau, har ya wuce zangon farko kyauta sau 232. Ni dai ba na goyon bayan goge lambarsa, ƙwallayen nan sun tsallake katanga a gaban jama'a. Kuma alhakin bai tsaya kan 'yan wasa ba, masu ƙungiyoyi sun ga jikin mutane na sauyawa suka kau da kai domin filaye na cika. Amma na fahimci waɗanda suka yi murna ta musamman ranar 4 ga Oktoba 2022, da Aaron Judge na Yankees ya buga na 62 a zamanin gwaji, ya karɓi tarihin Gasar Amurka daga hannun Maris.

Me ya faru a 1941 da har yau ba a daina zancensa ba?

Abu biyu a kaka ɗaya, 'yan watanni kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Joe DiMaggio na Yankees, ɗan masunci ɗan asalin Italiya, ya yi wasa 56 a jere ba tare da ya rasa bugun tsira ko sau ɗaya ba, daga 15 ga Mayu zuwa 16 ga Yuli. Washegari a Cleveland, mai tsaron zango na uku, Ken Keltner, ya tare masa ƙwallo biyu masu zafi da ya kamata su wuce. Da aka wayi gari ya sake ɗora wani jerin na wasa 16.

Ted Williams na Boston kuwa ya iso ranar ƙarshe da .39955, wanda in an cike shi ya zama .400. Kocinsa ya ba shi zaɓin ya zauna ya tsira da lambar. Ya ƙi. Wasa biyu aka yi ranar a Philadelphia, ya zo bugu sau 8 ya tsira sau 6, ya ƙare da .406. DiMaggio aka ba kyautar gwarzon shekara.

Me ya hana a sake kai .400?

An matso. George Brett ya yi .390 a 1980, Tony Gwynn yana .394 yajin aikin 1994 ya katse kakar. Amma a zamanin Williams mai jifa ɗaya kan yi wasa daga farko har ƙarshe, ka gan shi sau huɗu, ka karance shi, ya gaji. Yanzu daga turmi na shida ko na bakwai sababbin hannaye ake ta sakowa, kowa da ƙarfinsa. Masu tsaro sun fi sauri, safar hannunsu ta fi girma, kwamfuta ta gaya musu inda kowane mai bugu ya saba aika ƙwallo. Su kansu masu bugun sun fi neman hom-ran, ko da za su yawaita kuskure. A 'yan shekarun nan ma'aunin gasar gaba ɗaya bai kai .250 ba.

Wa ya fi kowa yawan bugun tsira, kuma me ya sa ba ya zauren gwarzaye?

Pete Rose, 4,256. Ya wuce Ty Cobb, mai riƙe da tarihin a lokacin, ranar 11 ga Satumba 1985 a Cincinnati yana da shekara 44, lokacin shi ne ɗan wasa shi ne koci. Akwai ɗan abin lura: masu bincike sun gano an ƙirga wa Cobb wasa ɗaya na 1910 sau biyu, don haka 4,189 gare shi, ba 4,191 ba. Ke nan Rose ya riga ya wuce shi kwana uku kafin bikin.

A 1989 aka kore shi daga besbol saboda caca a kan wasanni. Wannan laifi ne da ba sa yafewa tun 1919, lokacin da aka zargi 'yan Chicago White Sox takwas da sayar da karawar ƙarshe ga 'yan caca. Rose ya yi shekara 15 yana musu kafin ya amsa a 2004. Ya rasu a Satumba 2024, aka cire sunansa daga jerin korarru a Mayu 2025.

A kaka ɗaya kuwa tarihin na Ichiro Suzuki ne, 262 a 2004, ya wuce 257 ɗin George Sisler da ya tsaya tun 1920. In an haɗa 1,278 da ya yi a Japan da 3,089 na Amurka, ya zarce Rose, amma littafin Amurka ba ya haɗawa.

Na ji an ce Ty Cobb ba shi ne na ɗaya a ma'aunin bugu ba yanzu. Yaya aka yi?

Har zuwa 15 ga Afrilu 1947, ranar da Jackie Robinson ya fito wa Brooklyn Dodgers, an yi shekaru kusan 60 babu baƙar fata a manyan gasannin biyu. Baƙaƙe suka kafa nasu, Rube Foster ya jagoranci ta farko mai ɗorewa a 1920. Ma'ana Ruth da Cobb ba su taɓa fuskantar baƙin mai jifa a wasan gasa ba, wannan kuwa giɓi ne da ya fi na wasa takwas ɗin Maris girma nesa ba kusa ba.

A Disamba 2020 hukumar besbol ta amince da gasannin baƙaƙe bakwai na 1920 zuwa 1948 a matsayin manya, a Mayu 2024 aka shigar da lissafin 'yan wasa sama da 2,300, wanda masu bincike suka tono daga tsofaffin jaridu. Nan take Josh Gibson ya hau kan Cobb da .372, ga kuma .466 da ya yi a 1943. Masu ƙorafi na cewa kakar gasannin baƙaƙe gajeriya ce, zuwan Gibson bugu bai kai dubu 3 ba, na Cobb ya haura dubu 11. Gaskiya ne, amma wa ya rufe masa ƙofar doguwar kakar? Gibson ya rasu a Janairu 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Robinson ya shiga fili.

Akwai wanda ya wuce 762 a wajen Amurka?

Akwai. Sadaharu Oh na Yomiuri Giants a Japan ya buga 868 tsakanin 1959 da 1980. An san shi da ɗaga ƙafa ɗaya kafin ya kaɗa sanda, salon da ya goge ta hanyar atisaye da takobi. Shi da Aaron sun yi gasar hom-ran a Tokyo a 1974, Aaron ya ci 10 da 9, suka zama aminai.

Wane tarihi ne zai fi wuyar faɗuwa?

Na hom-ran suna iya motsawa. Albert Pujols ya kai 703 a 2022, ya zama na huɗu da ya haura 700, Shohei Ohtani kuma ya haɗa hom-ran 54 da satar zango 59 (wato rugawa zango na gaba ba tare da jiran bugu ba) a 2024, abin da ba a taɓa gani ba. Jerin DiMaggio ya fi su tsauri: tun 1941 wanda ya fi matsowa shi ne Rose, da 44 a 1978, saura wasa 12 cur.

Amma in zaɓi ɗaya za a ba ni, 4,256 zan ɗauka. Rose ya yi kaka 24 da wasa 3,562 kafin ya tara su, kuma ƙungiyoyin yau suna hutar da 'yan wasansu, ba sa riƙe mai shekara 44. Bugun tsira 200 a kaka ɗaya babban abu ne, wata shekarar mutum ɗaya ko biyu ke kai shi, wata shekarar babu kowa. Yaron da ya fara yana ɗan 20, ya yi 200 kowace shekara ba ciwo ba fashi har kaka 21, zai kai shekara 40 yana da 4,200, da sauran 56 a gabansa.